Gidan da Kaka Yake Nufi

Kakana na wajen uba shi ya sari garinmu, kuma sunansa garin ya ci, amma har ya tsufa tukuf bai yarda ya kira shi gida ba. Daji yake ce masa. In baƙo ya zo gaisuwa ya tambaye shi ya zaman gari, sai ya gyara zama a kan buzunsa ya ce ana nan cikin dajin, Allah na rufa asiri. Yana faɗin haka kuwa ga masallacin Juma'a a damansa, ga injin niƙa yana ta ɓaɓatu a hagunsa, ga 'yan acaɓa sun yi layi a bakin titi suna kiran fasinjan Malumfashi. Baƙon sai ya waiga ya dubi garin, ya dubi tsohon.

Ni ce jikarsa mace ta farko, don haka ni ce amaryarsa ta wasa, kuma ban taɓa raga masa ba. Nakan ce masa wane irin daji ne wannan mai shagon caji da teburin mai shayi, ko kurayen ne suka koma sayar da katin waya? Shi kuma ya ce ya sake ni, in tattara komatsaina in tafi, dama tuwona gudaji gare shi. Saki kam na sha shi a wurin tsohon nan. Da safe ya sake ni, da yamma ya mai da ni, saboda goronsa ya ƙare yana neman wanda zai aika.

Gida a bakinsa wani ƙauye ne can arewa, bayan Katsina, inda in ka ɗan miƙe ƙafa sai ka taka ƙasar Nijar. Can aka haife shi, can ya yi aure. Ya ce ƙasar ta gaji, rairayi ne zalla, geron da suke shukawa ya koma ba ya kai su ko bazara, ga gandun ya yi wa 'yan'uwa kaɗan. Da ya ji labarin akwai daji a kudu wanda ba a taɓa sa masa gatari ba, sai ya ɗaura wa jaki kaya, ya rataya gatarinsa da kalmensa, wato 'yar fartanyar da mutanen can ke noma da ita, matarsa ta goya babana wanda ko yaye shi ba a yi ba, suka kamo hanya. Ya gaya mata damina biyu ko uku za su yi, su cika rumbu, su koma.

Labarin zuwansu na sha jin sa, yawanci yana zaune ƙarƙashin ɗorawar ƙofar gida yana tufkar igiya. Dagacin wani tsohon gari da ke kusa suka fara zuwa gaisarwa. Dagacin ya fito da su bayan gari, ya nuna yamma da sandarsa, ya ce wa Kaka ya je ya yi ta sara, duk inda gatarinsa ya gaji nan ne iyakarsa. Kaka ya ce ya ɗauka kyauta aka yi masa, sai da ya shiga ya gane dagacin dariya yake yi masa a ciki. Gamba ta fi mutum tsawo, ƙirya kuwa in ka kafta mata gatari sai gatarin ya dawo maka. Ya yi sassabe har tafin hannunsa ya daina jin zafi. Ɗorawa da kaɗanya kaɗai ya bari a tsaye, don matarsa ta ce kada ya taɓa abin da za a yi miya da shi.

Shekarar farko ya yi abin da ya sani, ya shuka gero irin na gida a kan laka, ba huɗa ba komai. Ruwan kudu ya zo ya kwanta a kai, abin da ya tsira birai suka raba da tsuntsaye. Wani Bamaguje da ke da gona can gaba, wanda ya riga shi sanin dajin, ya zo ya tsaya a bakin gonar ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya koma gida ya ɗauko masa irin dawa da galma, ya nuna masa yadda ake tada kunya a ƙasa mai riƙe ruwa. Kaka ya ce bai taɓa jin haushin mutum kamar ranar ba, kuma bai taɓa yin aboki kamarsa ba. Fulanin wata ruga da ke bakin rafi su ma suka saba da su, matansu kan kawo nono su karɓi dawa.

In ya zo nan a labarin yakan tsallake, ya faɗa kan yadda ya haƙa rijiya ko yadda kura ta ɗauke masa akuya. Na girma kafin in lura da tsallaken. Wata rana muna ɓarar gyaɗa ni da shi da hantsi, na ce masa kullum labarin jaki da birai, ita matar da ta biyo ka fa, ko ba ta yi komai ba ne sai goyo? Na faɗa ne da tsiya kamar yadda na saba. Bai sake ni ba ranar, sai ya ba ni labarin kakata wadda ban sani ba, wadda shi kansa babana bai riƙe kamanninta ba.

Ya ce ba kura take tsoro ba, ba maciji ba. Shirun wurin ne ya dame ta. A garinsu in mace ta sa taɓarya a turmi, kafin ta yi luguden farko wani turmin ya amsa daga maƙwabta, wani ya karɓa daga can gaba, har gari ya ɗauka. A nan kuwa sai ta yi ta daka ita kaɗai, ta tsaya ta kasa kunne, ba abin da ke amsawa. Ya ce ya sha dawowa daga gona ya same ta tsaye da taɓarya a hannu tana saurare. Kuma a garinsu ana hango mai zuwa tun yana nesa, a nan ciyawa ta rufe ko'ina, sama kaɗai ake gani. Ba ta yi masa ƙorafi ba, sai dai duk bayan kwana biyu ta tambaye shi yaushe za a koma.

Zazzaɓi ya kama ta a tsakiyar marka, lokacin dawa ta yi kyan da bai taɓa gani ba a rayuwarsa. Da jikin ya yi tsanani sai ta ce masa, "Ka mai da ni gida." Ya ce mata ta yi haƙuri a yi girbi. Ba ƙarya ya yi mata ba, rafuka sun cika sun batse, jakin ya riga ya mutu, ba yadda za a yi a ɗauki marar lafiya da yaro a ratsa wannan daji. Amma ya ce mini ko da hanya a buɗe take, bai san ko zai iya barin dawar nan ba, kuma wannan rashin sanin shi ne abin da ya hana shi sakat duk tsawon rayuwarsa. Ta rasu dawa ba ta fid da kai ba.

Matan ruga suka yi mata wanka. Rawaninsa na aure ya warware aka yi likkafani. Bamagujen nan, da ba salla yake yi ba, shi ya taya shi haƙa a kan wani ɗan tudu gabas da bukkar, sannan ya koma gefe ya tsaya har Kaka da Fulani biyu suka sallace ta. Kushewarta ita ce ta farko a garinmu, daga ita maƙabartarmu ta fara. Babana kuwa wata Bafulatana ta ɗauke shi ta riƙe a ruga, da nonon saniya ya rayu har ya yi wayo. Da Kaka ya gama ba ni labarin sai ya tura mini ƙwaryar gyaɗar ya ce in ƙarasa, hannunsa ya gaji. Na tashi na shiga bayan ɗaki na yi kuka, don ban saba yin kuka a gabansa ba.

An yi girbi, rumbu ya cika, bai koma ba. Wata shekarar ma haka. Sai ga 'yan'uwansa daga arewa sun fara biyo sawu, sai ga waɗanda bai sani ba. Da auduga ta yi daraja aka buɗe fuloti, wurin awonta, motoci suka riƙa zuwa daga Funtuwa suna kwasa, tunga ta zama ƙauye, ƙauye ya zama gari mai kasuwa. Har Yarabawa masu kwanuka da atamfa suka zo, da wani Inyamuri mai shagon magani wanda 'ya'yansa suka fi mu iya zagi da Hausa. Duk wanda ya zo neman wurin zama, wajen Kaka ake kai shi, shi kuma ya saɓa gatari ya shiga gaba, ya sassari jikin itatuwa ya ce daga nan zuwa nan naka ne. Ya sake aure, aka haifi Baffa, ƙanen babana, da sauran. Turame suka yi yawa a garin har mai barcin rana ba ya samun sukuni.

Duk da haka yana nan a kan bakansa. Da aka zo naɗa mai unguwa ya ce baƙo ba ya sarauta, a ba ɗansa, aka ba babana. Da Baba da Baffa suka rushe ginin ƙasa suka yi na bulo, ya hana a taɓa ɗakinsa, ya ce wa ya taɓa ganin an yi wa zango rufin kwano? Kowace shekara in dawa ta fara ja sai ya ce bana in an yi girbi zai tafi gida. Kuma ya sha faɗa a gaban kowa, a wurin suna, a wurin ta'aziyya, cewa ranar da ya kwanta ciwon ajali a kai shi gida. Baba da Baffa sun ji wannan magana tun suna yara har suka yi furfura, sun ɗauke ta wasiyya, ba wanda zai ga laifinsu.

Da can yakan je garin nasu in an yi rasuwa, amma bayan iyayensa da yayyensa sun ƙare sai ƙafarsa ta ɗauke, ya daɗe ƙwarai bai je ba. Shekarar da za a yi mini aure ya tashi da rigima wai sai ya je. Damina ce, Baba da Baffa suna fama da gona, suka ce ya bari a yi girbi. Ya dube su wani irin kallo, ya ce ya taɓa jin wannan maganar. Ni kaɗai na gane abin da yake nufi. Na ce ni zan raka shi, dama ya kamata amarya ta je ta ga dangin miji, in ga ko su ma rowar goro gare su. Muka hau motar haya zuwa Malumfashi, daga nan Katsina, daga nan wata akwalar da sai an tura take tashi.

Tun a mota yake ba ni labarin tsamiyar ƙofar gidansu da rijiyar da ruwanta ya fi na ko'ina daɗi. Da muka sauka ya yi ta waige-waige. Tsamiyar babu, rijiyar ta rufta, inda gidansu yake an shuka wake. Wani jikan ɗan'uwansa ne ya karɓe mu, mutumin kirki, ya shimfiɗa tabarma ya sa aka dama fura, yana ta gaya wa masu wucewa cewa baƙi ya yi daga Funtuwa. Ya tambayi Kaka ya hanya, ya mutanen gida. Na ga tsohon ya kau da kai ya jawo furar. Ni da na zo da shirin tsokana, sai na ji ba na so.

Aka ce akwai wata tsohuwa makauniya da ta rage cikin sa'o'insa, aka kai mu. Ya faɗi sunansa da na ubansa, ta yi ta juya su a baki, ba ta gano shi ba. Sai da ya ambaci sunan kakata, nan take fuskarta ta washe, ta ce ƙawarta ce, tare suke zuwa itace, tare aka yi musu kitson aure. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Kai ne ka tahi da ita kudu? To ina ɗiyar mutane? Ka ce damina biyu za ku yi."

Ko ba ta ji labarin rasuwar ba ne tun can, ko tsufa ya shafe mata, ban sani ba. Kaka ya ce, "Tana can."

"To ka gaishe ta. Ka ce mata ta kyauta, ko leƙe."

Ya ce za ta ji. Kwana ɗaya muka yi, da sassafe ya tashe ni ya ce mu kama hanya.

A dawowa muka wuce Malumfashi muka nufo garinmu. Ruwa ya ɗauke ke nan, ƙasa ta yi jawur, dawa da masara sun rufe hanya dama da hagu har sun fi motar tsawo. Ya sa aka sauke masa gilashi, ya shaƙi iska, ya ce a hankali, "Alhamdu lillahi, mun iso gida." Na zabura na ce me ka ce? Maimaita in ji, yau na kama ka. Ya ce bakin tsoho ne ya zame, in rufa masa asiri. Na ce ba zan rufa ba, sai na sa an yi shela a kasuwa. Sai ya juya yana kallon gonaki, ya ce, "Ke amarya, ita tana nan. In tahi ina in bar ta?"

Na ba da labarin a gida, Baba ya yi murmushi ya ce gajiyar mota ce. Aka tambayi tsohon, ya ɗaure fuska ya ce ƙarya nake masa, kuma ya sake ni saki uku. Kashegari ya koma cewa daji kamar ba a yi ba. Taurin kai irin nasa ban taɓa gani ba, ko da yake ana cewa ni na gado shi. Abu ɗaya dai na lura da shi: daga shekarar nan, in dawa ta fara ja, bai ƙara cewa zai tafi in an yi girbi ba. Na faɗa wa Umma, mahaifiyata, ta ce tsufa ne, ya manta.

Aka yi aurena aka kai ni Funtuwa, shekaru suka shuɗe. Ina cikin wankan jegon ɗana na uku, ko suna ba a yi ba, aka bugo mini cewa Kaka ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa ya shanye, an kai shi asibiti a Malumfashi. Na so in je, mijina da uwar mijina suka hana, suka ce ɗanyen jiki gare ni. Ana gaya mini maganarsa ta koma ɗaiɗai, sai an kasa kunne. Bayan 'yan kwanaki likita ya ce wa su Baba sun yi iyakar yinsu, a mai da shi cikin iyalinsa. A nan ne, in ji su, tsohon ya kama rigar Baba da hannunsa mai lafiya ya ce, "Ku kai ni gida."

Umma ce ta bugo mini da hantsi ta ce an sallamo shi, sun tafi da shi gida. Na ce alhamdu lillahi, gobe ko ana ha-maza-ha-mata sai na zo na gan shi. Ta ce a'a, ba nan ba, gida dai, can arewa. Sun ɗauki shatar mota, sun shimfiɗa masa katifa a ciki, tun da safe suka kama hanya. Na ajiye jaririn a kan gado na kira Baba.

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba sai ranar. Na ce Baba don Allah ku tsaya, ku juyo, ba can yake nufi ba. Ya ce da kunnensa ya ji, Baffa ma ya ji. Na ce to ku tambaye shi wane gidan.

"Ke, wane gida kuma? Gidan da yake faɗi tun ba a haifi uwarki ba. Uwata ta roƙa a mai da ita ba a samu hali ba. Shi ma ya roƙa, ga mota ga hanya, sai in hana shi?"

Na tuna masa maganar cikin mota, ya ce wasan jika da kaka daban, wasiyya daban. Ya ce sun wuce Kankiya, tsohon yana barci, in yi masa addu'a in kula da jaririna. Na ci gaba da magana ban san sabis ya ɗauke ba. Na sake kira har na gaji, ba ta shiga. Na zauna a bakin gado nono na zuba a rigata, ina ji a jikina ana tafiya da shi nesa da kakata, kuma ba abin da zan iya.

Sun isa bayan azahar, ya cika da la'asar, aka rufe shi kafin magariba a cikin rairayin da ya baro tun yana saurayi. Waɗanda suka sallace shi, in ka cire 'ya'yansa biyu da direba, ba wanda ya taɓa cin dawarsa. A garinmu kuwa, garin da ya sara da hannunsa, mutanen da ya yanka wa gonaki suka cika ƙofar gida ba gawa ba makara, sai dai a yi addu'a a shafa. Kowa na yaba wa Baba da Baffa, ana cewa 'ya'yan albarka, sun cika wa ubansu burinsa. Na zo zaman makoki da jaririna, na gaishe da Baba kamar yadda ya kamata, amma ban iya haɗa ido da shi ba. Fushi nake da shi, ina yi da Baffa, na fi yi da shi tsohon da ya ƙi buɗe baki ya faɗi magana ɗaya a fili tun yana da bakin faɗa.

Ana cikin zaman ne wani dattijo mai kula da maƙabarta ya zo ta'aziyya. Ina daga cikin zaure ta ɓangaren mata, ina jin su. Bayan ya yi gaisuwa sai ya tambayi Baba, ba da wata manufa ba, yadda za a yi da wurin. Baba ya ce wane wuri? Ya ce wurin da ke jikin kushewar farko mana, a kan tudu. Ya ce tun yana yaro yana bin ubansa haƙa yake ganin Kaka, duk shekara kafin ruwan farko, yana zuwa da kalmensa ya share kushewar, ya share wani fili daidai kwanciyar mutum a gefenta. Maƙabarta ta cika ta kewaye tudun, amma duk wanda ya nufi filin da diga sai tsohon ya ce a matsa gaba, wurin nan da mai shi. Ya ce shi ya ɗauka duk gidan an sani.

Ba wanda ya sani. Ni kaina da nake taƙamar na san cikinsa, na ɗauka a motar nan ya sauya ra'ayi. Ashe tun ban zo duniya ba yake share makwancinsa, yana dawowa ya zauna a ƙofar gida ya ce wa mutane shi baƙo ne. Na daɗe ina juya abin. Abin da na iya fahimta shi ne, ya yi mata alkawarin komawa bai cika ba, in ya kira wurin nan gida kamar ya ce mata ya fasa ke nan. Sai ya riƙe kalmarta a bakinsa duk rayuwarsa, har ranar da ya buƙaci kalmar don kansa, aka ba shi ma'anar da ya koya wa kowa.

Baba ya ce wa dattijon a bar wurin yadda yake, ya tashi ya shige cikin gida.

Ranar da zan koma Funtuwa ya aika a kira ni. Na same shi a ɗakin Kaka, ɗakin ƙasar nan mai rufin ciyawa, yana zaune a kan buzun, kalmen na gabansa. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce akwai abin da bai gaya wa kowa ba, ko Baffa bai ji ba don yana wajen direba. Ya ce da suka isa aka buɗe motar, suna ƙoƙarin sauko da shi, tsohon ya farka. Ya saki hannunsa mai lafiya ƙasa, ya damƙi rairayi, ya murza, ya bari ya zube. Sannan ya dubi Baba.

"Ya ce mini, ba nan ba. Sau ɗaya ya faɗa, kuma na ji shi sarai."

Baba ya ce ya gaya wa kansa gidan da aka sauke su ne tsohon bai gane ba. Ya ce zuwa can ya kasa yarda da hakan, ya yanke a ransa in ya ɗan huta za su juyo da shi, sai rai ya yi halinsa. Da ya cika kuwa malaman garin suka ce ba a yawo da gawa, dangi sun taru, Baffa na cewa Allah ya cika masa burinsa, shi kuma ya rasa bakin da zai ce an yi kuskure. Ban taɓa ganin hawayen babana ba sai ranar, dattijo mai unguwa guda, yana kuka kamar yaron da aka bari a ruga. Duk fushin da na ƙunso na neme shi na rasa. Na ce masa Baba ƙasa duk ta Allah ce, addu'a kuma tana isa ko'ina. Ya ce ya sani. Ni ma na sani, amma sanin bai rage mana komai ba.

Har yanzu in na je garinmu nakan bi ta bayan katangar maƙabartar, inda ta ɗan zube, in tsaya daga waje in hango tudun. Filin yana nan ba kowa. Baba ya tsufa shi ma, gwiwa ta hana shi zuwa gona, amma in hadari ya fara haɗowa daga gabas yakan ɗauki kalmen ya dogara sanda ya tafi, ba ya yarda kowa ya raka shi. Yakan share kushewar uwarsa, ya share gefenta, ya dawo.